Yadda ake rainon mai cafewa a wasan besbol har ya zama koci, bisa tafarkin Japanawa

Malamin wasanni a makarantar sakandare, ko mai riƙe da yaran unguwa da ke son gwada besbol a filin Mahaha ko wani filin makaranta a nan Kano, yakan fara da neman yaron da ya iya jifa. Ya kamata neman mai cafewa ya zo kafin wannan, wato wanda zai tsuguna a bayan mai bugu yana karɓar ƙwallo. Cikin mutum tara da ke tsaron fili, shi kaɗai ne fuskarsa ke kallon sauran takwas. Shi ke faɗa wa mai jifa irin jifar da zai yi, shi ke gyara wa 'yan tsaro matsayarsu, shi ke tsare gida, wato farantin da ake bugu a gefensa, idan mai gudu ya taho cin maki. Japanawa na kiransa da sunan da ke nufin matar gida ga mai jifa, kuma suna kiran su biyun batir. Kowace ƙungiyar ƙwararru a can tana da koci na musamman, kocin batir, wanda galibi tsohon mai cafewa ne.

Mutumin da ya fi kowa kafa wannan tafarki shi ne Katsuya Nomura. An haife shi a 1935 a wani ƙaramin gari na yankin Kiyoto, ya taso maraya cikin talauci, ya shiga ƙungiyar Nankai Hawks a 1954 ta hanyar gwaji, ba don an neme shi ba. Aikinsa na farko karɓar jifar masu motsa jini ne a gefen fili. Ya bar wasa a 1980 yana da shekara 45, bayan wasanni 3,017 da bugun fitar da ƙwallo waje har 657. Da ya zama manajan Yakult Swallows daga 1990 zuwa 1998, ya ci kofin ƙasa sau uku: 1993, 1995 da 1997. Ya rasu a 2020. Duk abin da ke tafe a nan ya doru ne kan tsarin da shi da almajiransa suka bi: a fara da jiki har ya daina bukatar tunani, sannan a cika kan yaron da ilimi.

Wa za ka zaɓa

Nemi na-hannun-dama, domin yawancin masu bugu suna tsayawa ta gefen hagun mai cafewa, kuma bahago zai riƙa cin karo da su idan zai yi jifa, musamman zuwa tasha ta uku, ta ƙarshe cikin tashoshi uku da mai gudu ke zagayawa kafin ya dawo gida. Nemi wanda zai iya tsugunawa diddigensa a ƙasa ba tare da ya faɗi baya ba. A nan yaranmu suna da sa'a, don tsuguno ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Sannan ka jefa masa ƙwallon tanis a ƙirji ka dubi idonsa. Wanda ya runtse ko ya kau da kai zai iya gyaruwa, amma zai ci maka lokaci. Kada ka ɗauko yaron da ya fi kowa ƙiba don kawai bai iya gudu ba. Wannan kuskure ne da ake yi ko'ina. Gilashin ido kuwa ba ya hanawa. Atsuya Furuta da tabarau ya yi wasansa duka, har wasu ƙungiyoyi suka guje shi saboda haka, amma a 1993 ya kama sama da kashi 64 cikin ɗari na waɗanda suka yi yunƙurin satar tasha a gabansa, wato rugawa tasha ta gaba yayin da ake jifa ba tare da an jira bugu ba.

Kaya da fili

Ƙwallon besbol na gaske nauyinta giram 142 zuwa 149 ne, kuma tauri gare ta kamar dutse. Muddin babu cikakken kayan kariya, ba a tsugunar da yaro a bayan mai bugu da ita. Cikakken kaya shi ne: takunkumin fuska mai ƙarfe haɗe da hular kwano, kariyar maƙogwaro, sulken ƙirji, kariyar ƙafa daga saman gwiwa har bayan ƙafa, kofin kare al'aura, da safar cafewa mai kauri. Kofin nan yara kan ji kunyarsa su bar shi a jaka. Ka tambaya kullum kafin a fara, don ƙwallon da ta goge sanda ta canja hanya tana yawan faɗawa can.

Wasu kayan ana iya haɗa su a gida, wasu ba a yi. Tela zai iya ɗinka sulken atisaye da soson katifa mai tauri da tamfol, in dai da ƙwallon tanis ko ta roba za a yi aiki. Igiyar safa idan ta tsinke, baduku zai sake ta da tsirkiyar fata mai kauri, sai dai a kai masa tsohuwar ya ga yadda aka saƙa ta. Takunkumi kam ba aikin mai walda ba ne. Tazarar ƙarafunansa da yadda yake shanye bugu an auna su ne, kuma waldar da ta ɓalle a kan fuska ta fi ƙwallon illa. Hular babur ma ba ta maye gurbinsa. Idan kaya ba su samu ba tukuna, a zauna kan ƙwallon roba. A Japan ɗin ma da ita yawancin yara ke farawa.

Awon fili ga manya: mita 18.44 daga wurin mai jifa zuwa gida, mita 27.43 tsakanin kowace tasha da mai bi mata, faɗin farantin gida santimita 43. Ga yara 'yan ƙasa da 13, a rage zuwa mita 14.02 da 18.29. Filayenmu da yawa busasshiyar jar ƙasa ce mai tsakuwa, wasu da tsidau. A share kewayen gida kamar mita uku kowane gefe, a ɗan kafta, a yayyafa ruwa kafin atisaye. Ƙasa mai tauri tana sa ƙwallo ta yi tsalle sama da yadda ya kamata, tana kuma cin gwiwa. Lokacin hunturu fatar safa takan bushe ta tsage; a shafa mata mai ɗan kaɗan da tsumma sau ɗaya a wata, a sa ƙwallo a aljihunta a ɗaure. Mai da yawa nauyi yake ƙara mata.

Tsuguno iri uku

Na farko na ba da alama ne. Gwiwoyi kusa da juna, yatsun dama can cikin cinya, safa rataye a wajen gwiwar hagu don ta tare idon kocin abokan hamayya da ke tsaye a tasha ta uku. Yatsa ɗaya jifa miƙaƙƙiya, biyu mai lanƙwasa, uku mai zamewa. Yaro yakan sauke yatsun ƙasa da cinya, sai kowa ya gan su ta baya. Tsaya a tasha ta ɗaya da ta uku ka duba da kanka.

Na biyu na karɓa ne idan babu kowa a tasha. Ƙafafu su ɗan fi faɗin kafaɗa, yatsun ƙafa na kallon waje kaɗan, a zauna ƙasa sosai, hannun dama a ɓoye bayan diddige. Na uku idan akwai mai gudu ko mai bugu ya kai kuskure biyu (na uku ne ke fitar da shi): a ɗaga ɗuwawu har cinya ta yi daidai da ƙasa, ƙafar dama ta ɗan ja baya, hannun dama a dunƙule sako-sako a bayan safa, babban yatsa a ciki. Yatsan da aka bari a miƙe shi ne ke karyewa.

Nisa da mai bugu: idan mai cafewa ya miƙa safa, ta kusa taɓa gwiwar hannun bayan mai bugu. In ya matsa fiye da haka sanda za ta daki safa, kuma doka ta ba mai bugu tasha ta ɗaya kyauta, ban da ciwon hannu. In ya ja baya da yawa, jifar da ta wuce daidai gwiwa za ta iso masa a ƙasa, alƙalin wasa ya ce ba ta shiga yankin bugu ba, wato inda jifa mai kyau ke bi a saman faranti.

Karɓa

A fara ba safa. Ka tsaya mita huɗu ko biyar, ka jefa ƙwallon tanis ta ƙasan hannu, ya karɓa da hannun hagu tsakanin babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Ashirin sau uku, kullum. Abin da ake nema shi ne hannu ya riga ƙwallo isa wurin, ya tsaya cik. Jifar ƙasa daga ƙasa ake tarbarta a taso da ita, babban yatsa a ƙarƙashi. Wanda ya bi ta daga sama, nauyinta zai ja safar ƙasa, alƙali kuma safar yake gani. Tsohuwar koyarwar Japan ta fi son a tsayar da safa inda ƙwallo ta shiga, ba tare da an ja ta tsakiya ba, kuma ga mai koyo ita ce daidai. Jan safa a fili alƙali yana ganewa, daga nan sai ya daina yarda da yaron ko a jifa mai kyau.

Idan babban yatsa na yawan ciwo, ƙwallo tana sauka a gindinsa maimakon aljihun safa, galibi saboda gwiwar hannu ta ɗaga sama ta sa safar ta kife. A sauke gwiwar hannun, a saki wuyan hannu.

Tarewa

Nan ne ake gane ko yaro zai zauna a wannan matsayi. Jifar da ta daki ƙasa ba cafe ta ake yi ba, tare ta ake yi da jiki. Gwiwoyi biyu su faɗi inda tafin ƙafa yake, safa ta toshe tsakanin cinyoyi tana taɓa ƙasa, hannun dama a bayanta, gemu manne da ƙirji don kare maƙogwaro, kafaɗu a ranƙwafe gaba kamar murfin kwano. A saki numfashi lokacin da ƙwallo ta iso. Ƙirjin da aka ƙame yana mayar da ƙwallo nesa, wanda aka saki yana kashe ta a gabansa. Burin shi ne ta tsaya cikin mita ɗaya zuwa biyu.

Idan ta nufi gefe, ana tura jiki da ƙafar ɗaya gefen a zame, a kuma karkato da kafaɗar waje ta dubi faranti, don ƙwallo ta dawo tsakiya. Wanda ya zame ƙirjinsa na kallon waje, ƙwallo za ta goge shi ta tafi. Jifa mai lanƙwasa idan ta daki ƙasa takan koma ɓangaren da ta fito saboda juyinta, don haka kada a wuce ta da yawa.

Tsarin koyarwa: mako biyu na farko a ajiye ƙwallo uku a ƙasa, hagu, tsakiya da dama, ka nuna ɗaya ya faɗa bayanta. Sannan ƙwallon tanis, hannayensa a baya, ƙirji kawai. Sai daga baya ƙwallon gaske daga rabin nisa. Kada a wuce talatin a rana. Gajiyayyen yaro yakan fara ɗaga kai, kuma ɗabi'ar da ya koya cikin gajiya ita za ta bi shi wasa. Ka kuma koya masa dokar nan tun wuri: in kuskure na uku ya kuɓuce masa, alhali tasha ta ɗaya ba kowa ko an riga an fitar da mutum biyu, mai bugu yana da damar gudu, dole a taɓa shi da ƙwallo ko a jefa tasha ta ɗaya.

Jifa zuwa tasha ta biyu

Lissafi ne. Daga gida zuwa tasha ta biyu mita 38.8 ne. Gwanin gudu a matakin ƙwararru yana isa can cikin kamar daƙiƙa 3.3 zuwa 3.5. Mai cafewa na kirki yana cin daƙiƙa biyu daga shigar ƙwallo safarsa zuwa shigarta safar mai tsaron tasha; manyan gwanaye kan sauko 1.9 ko ƙasa. Abin da ya rage wa mai jifa bai fi 1.3 zuwa 1.5 ba. Nomura ya gano haka ne a hannun Yutaka Fukumoto, wanda ya saci tasha 106 a kakar 1972. Ya ga cewa komai ƙarfin hannunsa ba zai kama shi ba in mai jifa na ɗaga ƙafa sama a hankali, sai ya sa masu jifarsa suka koyi gajeren taku. Saboda haka idan ana yawan yi wa ƙungiyarka sata, auna mai jifa kafin ka zargi mai cafewa.

Agogon waya yana yaudara a irin wannan ɗan lokaci. Ɗauki bidiyo mai hoto 60 a daƙiƙa ka ƙirga hotunan: 120 daƙiƙa biyu ke nan. Yaran sakandare za su fara da abin da ya haura haka sosai, kuma ba laifi.

Yawancin lokacin da ake asara yana tafiya ne wajen sauya ƙwallo daga safa zuwa hannu. A yi sauyin a tsakiyar ƙirji, a juyo safa ta fuskanci hannun dama, yatsu biyu su hau kan ɗinkin a gicciye. Riƙon da bai hau ɗinki daidai ba shi ke sa ƙwallo ta kauce a hanya. Ƙafar dama ta yi ɗan gajeren taku zuwa ƙarƙashin gemu, ta hagu ta nufi tasha ta biyu, hannu ya tashi kai tsaye zuwa kunne ba tare da ya zagaya ta ƙugu ba. Kada a miƙe tsaye gaba ɗaya. A nufi tsayin kan mai jifa, ƙwallo ta sauka daidai gwiwa ta gefen da mai gudu ke tahowa. Jifar da ta yi tsalle ɗaya ta isa a ƙasa ta fi wadda ta tashi sama. Takuya Kai, wanda ba dogo ba ne kuma ta ƙaramar ƙofa ya shiga ƙungiyarsa, ya kama ɓarayi shida a jere a wasannin ƙarshe na 2018 har aka ba shi kyautar gwarzo, kuma saurin ƙafa da sauyi ne suka yi masa rabin aikin.

Ƙwallon da ta tashi sama a kan gida tana juyawa ta koma wajen fili, don haka a juya wa fili baya, a cire takunkumi a riƙe, sai an ga inda za ta sauka a wurgar da shi ɗaya gefen. A gida kuma, mai cafewa ba ya tare hanyar mai gudu in ƙwallo ba ta hannunsa. Japan ta sa wannan doka a 2016.

Zafi da yawan aiki

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, yaron da ke cikin sulke da hular kwano ya fi kowa shan wuya. A yi atisaye bayan asuba ko bayan la'asar, a cire takunkumi da sulke duk minti 15 zuwa 20 a sha ruwa a inuwa. Jiri, ciwon kai ko rikicewar magana na nufin an tashi ke nan na ranar. Da azumi a bar tarewa da jifa mai nisa, a koma littafi. Mai cafewa yana mayar da kusan kowace ƙwallo, don haka kafaɗarsa na aiki kamar ta mai jifa. Dokar gasar yara ta Amurka ta hana wanda ya yi cafewa zagaye huɗu (a zagaye ɗaya kowace ƙungiya ta samu nata lokacin bugu) ya yi jifa a ranar, ta kuma hana wanda ya yi jifa 41 ko fiye ya koma cafewa. Ka ɗauki wannan doka yadda take.

Littafi

Abin da ya raba tsarin Nomura da na sauran shi ne rubutu. A sansanin atisayen Yakult yakan zaunar da 'yan wasa da dare su yi ta kwafar darasi kamar ɗalibai. Tun yana wasa yakan ɗauki fim ɗin masu jifar da suka gagare shi yana neman ɗabi'ar da ke tona irin jifar da za su yi. A shekarun da ya yi yana sharhi a talabijin, ya riƙa raba yankin bugu gida tara yana faɗin inda jifa ta gaba za ta faɗa.

Sayi littafin rubutu mai shafi 60 ga kowane mai cafewa. A kowane shafi a zana murabba'i mai gida tara, shafi ɗaya ga mai bugu ɗaya. Kowace jifa a rubuta lambarta a gidan da ta faɗa, da irinta, da abin da mai bugu ya yi: ya bari, ya kai sanda ya rasa, ya makara, ko ya riga ta. Bayan wasa ka zauna da shi ka ɗauki jifa biyar kawai ka tambaye shi dalilin kowace. Amsar da ba a karɓa ita ce "haka kawai na ji". Dalili ko da gurgu ne ana iya gyara shi.

Nomura ya kasa masu bugu gida huɗu: mai jiran miƙaƙƙiya yana kuma iya bin mai lanƙwasa, mai zaɓen ciki ko waje, mai yanke shawarar ɓangaren da zai buga tun kafin jifa, da mai cankar irin jifar. Ana gane su ta yadda suka bar jifar farko. Wanda ko motsi bai yi wa miƙaƙƙiya a tsakiya ba, wata yake jira. Wanda ya buga ta fita ta bayansa a makare, kada a taimake shi da jifa mai sanyi. Mai cafewa ya dubi ƙafafun mai bugu kafin kowace alama, ko ya matso faranti ko ya ja baya, ya kuma dubi inda ya riƙe sanda. Amma jifar da mai jifa ya fi amincewa da ita a ranar tana gaba da duk abin da littafi ya ce. Zaɓi mai kyau da aka jefa cikin shakka yakan ƙare a tsakiyar faranti.

Daga tsuguno zuwa benci

Masu cafewar Japan da suka yi nasara a koyarwa hawa-hawa suka bi. Masaaki Mori, wanda ya tsuguna wa Yomiuri Giants a shekaru tara da suka ci kofi a jere daga 1965 zuwa 1973, ya yi shekaru yana koci a ƙarƙashin wani kafin ya karɓi Seibu Lions a 1986, ya ci kofin ƙasa shida cikin shekara tara. Shinnosuke Abe ya bar wasa a 2019, ya riƙe ƙaramar ƙungiyar Giants, ya zama babban koci kuma kocin batir a 2023, ya zama manaja a 2024 ya ci gasar rukuninsu a shekarar. Haɗa wasa da shugabanci lokaci guda kuwa ya fi ba da wuya. Nomura ya ci gasar rukuni da shi a 1973, amma Furuta ya gwada a 2006 da 2007, ƙungiyarsa ta ƙare a ƙarshen tebur a shekara ta biyu. Motonobu Tanishige, wanda ya zarce Nomura da wasanni 3,021, shi ma bai ji daɗinsa ba a Chunichi.

A ƙaramar ƙungiya ga yadda za a kwaikwayi hawan. A shekarar mai cafewa ta biyu, ba shi ƙaramin yaro ɗaya ya koya masa tsuguno da tarewa, kai kana kallo daga nesa. A ta uku, ya riƙe motsa jinin masu jifa: ya ƙirga jifarsu, ya zo ya faɗa maka wa ke da ƙarfi yau, wa ya kamata ya huta. Sannan ka bar masa tsara matsayar 'yan tsaro a wasan sada zumunta, ka hana kanka gyara masa sai an tashi. Inda tsofaffin 'yan wasa kan faɗi shi ne su ce "yi kamar haka" su nuna, alhali yaron bai san wace gaɓa zai duba ba. Sa shi ya bayyana tarewa da baki kawai, hannayensa a aljihu, ga yaron da bai taɓa gani ba. Idan yaron ya faɗi daidai, gemu a ƙirji, safa a ƙasa, sai ka ƙara masa yaro na biyu.